Motar Gwaggo Ba Ta Wuce Tsamiya

Zangon Kanya, ta Gagarawa Tasha
Alhamis, 5 ga Oktoba

Zuwa ga ɗana Abdulrauf, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rayhana da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta hana ni sakat. Baffanka Ɗanjuma yana gaishe ka, shi da matarsa Sabuwa. Damina ta yi kyau, an fara yankan riɗi, zoɓo yana nan tafe.

Na san za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Kunnena ne. Kana magana ina jin ka kamar daga cikin rijiya, in yi ta cewa "to, to" ban san abin da na amsa ba. Takarda kuwa in ban gane ba sai in sake karantawa. Direban tirelar shanun da ke tashi daga Maigatari ya ce ta bakin garejinku yake bi, shi zai miƙa maka.

Maganar motata ce, a-kori-kurar nan mai shan gas da marigayi mijina Malam Abduljabbar ya bar mini. Ɗan famfon da ke jawo mai daga tanki zuwa inji ya mutu. Kullum da safe sai Baffanka ya yi ta danna shi da babban yatsa, yatsan har ya kumbura. Shehu bakanike na Gumel ya ce robar cikinsa ce ta yage. Ya nema a Gumel, ya nema a Maigatari, ya aika Kano. Wanda aka samo kwana tara ya yi ya bi ɗan'uwansa.

Ka san motar nan ita ce ƙafarmu. Shekara goma sha tara ƙanen nan nawa Ɗanjuma yana jan ta, kayan rabin ƙauyen nan a bayanta suke zuwa kasuwar Alhamis. Kai da kake cikin manyan injina, ka nemo mini irin famfon sak. Na ce sak. Kar ka aiko mini da wani sabon salo, na san halinka tun kana ƙwance rediyon babanka.

Gwaggonka,
Safara'u

*

Fatakwal
13 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Safara'u.

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na ji daɗi da kowa yana lafiya. Mu ma lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗaukewa. Rayhana ta ce a yi miki sannu da gwiwa, ga man shafawa nan a cikin kwalin.

Gwaggo, ki yi haƙuri, sabon salon dai na aiko. Kafin ki yi faɗa, ki karanta. Na zaga duk inda ake sayar da kayan mota a garin nan. Irin famfonki an daina yin mai kyau, wanda ke kasuwa duk irin mai kwana taran nan ne. Wannan da ke cikin kwali da lantarki yake aiki. Ba ruwansa da yatsan Baffa. Ana murɗa makulli za a ji yana ƙas-ƙas-ƙas, kafin a ƙirga goma ya cika hanya da mai, sai a tayar.

Na zana wa Shehu komai a bayan takardar nan. Ya cire tsohon, ya rufe gurbinsa da ƙarfen da na haɗo don kada baƙin mai ya zuba. Sabon a ɗaure shi ƙasa, kusa da tanki, filta a gabansa. Akwai kibiya a jikinsa, ta kalli inji. Jar waya ta bi ta fiyus zuwa makulli, baƙar a ɗaure ta a jikin mota. Aikin bai kai awa biyu ba ga wanda ya iya.

Ba abin da yake nema sai wutar motar. Irinsa na sa wa motoci sun fi ashirin, ba wadda ta dawo. In ya ba ki matsala, ki aiko a cire mini kunne.

A gaishe da Baffa ƙwarai, a ce masa yatsansa ya huta.

Ɗanki,
Abdulrauf

*

Zangon Kanya
Alhamis, 2 ga Nuwamba

Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Man shafawa ya yi aiki, a gode wa Rayhana. Shi kaɗai ya yi aiki a cikin kwalin nan.

Wane kunnen za ka bayar, na dama ko na hagu?

Shehu ya zo har gida ya ɗaura abinka yadda ka zana. Aka murɗa makulli, ya yi ƙas-ƙas ɗinsa, mota ta tashi bugu ɗaya. Har guɗa Sabuwa ta yi. Suka zaga gari da Shehu a ciki, suka je bakin kwalta suka dawo. Na ce a raina ashe yaron nan ya san abin da yake yi.

Ranar Alhamis aka loda buhunan riɗi, nawa da na mutane. Baffanka ya tayar, ya kama hanya. Ka tuna tsamiyar nan da ke kan kwana kafin a fita titi? Daidai gindinta motar ta yi tari biyu ta mutu. Aka tura, aka tura, ko uffan. Sai da aka aika aka kawo batir a kan babur. Tana jin batir ta tashi kamar ba ita ba, ta yi 'yar tafiya, ta sake mutuwa. A amalanke aka kwashe riɗin, ya isa Maigatari masu awo sun naɗe buhunansu.

Na kira Shehu. Ya zo ya kunna, ya kashe, ya kunna, ya kashe, suka wuce tsamiya sau biyu lafiya ƙalau. Ya ce mini, "Hajiya, wallahi motar nan garau take." Washegari ba ya nan, ta je gindin tsamiya ta kwanta. Sau huɗu ke nan. A gaban Shehu lafiyarta lau, yana juya baya sai ciwo ya tashi.

Yanzu ƙauyen nan ba wata hira sai ta motata. Wasu sun ce mutanen tsamiya ne ba sa son ƙarar sabon famfon. Wata tsohuwa har turare ta kawo a yi mata. Ni ban yarda ba, shekara nawa motar nan tana wuce su da hayaƙinta da ƙararta ba su ce komai ba, sai ɗan ƙas-ƙas ne zai dame su? Amma Baffanka ya fara bi ta bayan gari don ya kauce wa tsamiyar, sai ta mutu masa a gonar gyaɗar mai unguwa.

Kasuwa biyu ta wuce ni, yau ta uku. Mutanen da ke ba mu kaya sun fara kiran wata mota daga Gagarawa. Baffanka ya rame, da ƙyar yake cin tuwo. Ni kuwa raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Na ce sak, ka ce ka fi ni sani. To ga saninka nan a gindin tsamiya.

Ka gaya mini abin da za a yi, kuma kar ka cika ni da zane.

Safara'u

*

Fatakwal
9 ga Nuwamba

Gwaggo,

Salam. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. A tsaye nake rubutun nan, jirgin ruwa yana jira. Za a kai mu gyaran injina cikin ruwa, mako biyu ko fiye, can babu sabis.

Ki daina maganar tsamiya don Allah. Famfon nan da hannuna na gwada shi, kwana biyu yana aiki a kan teburina kafin in sa shi a kwali. Ba shi da laifi. Shehu ma na san aikinsa.

In mota tana tafiya a gaban Shehu, tana mutuwa a bayansa, to akwai abin da ake yi mata tsakanin tafiyarsa da fitarta. Mota ba ta da wayo, hannu ne. Ki sa ido ki ga wanda ke buɗe bonet, ki kuma tabbatar komai yana nan yadda Shehu ya bar shi.

In na dawo zan kira, ki sa wani ya riƙe miki wayar.

Abdulrauf

*

Zangon Kanya
Alhamis, 23 ga Nuwamba

Ɗana Abdulrauf,

Assalamu alaikum. Ina fata ka fito daga ruwa lafiya. Mu nan da sauƙi. An fara ɓarar zoɓo, hannuwan mata duk sun yi ja.

Takardarka ta zo, na karanta ta sau uku. Na gane abin da kake jin nauyin faɗa. Ba mai buɗe bonet ɗin motar nan sai mutum ɗaya, kai ma ka sani. Kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Da ma akwai masu kawo mini magana, wai an ga Baffanka a Maigatari wajen masu tsofaffin kayan mota. Da ban saurara ba. Amma da na haɗa da maganarka, sai na ce ko ya cire naka ya sayar ya ɗaura wani ruɓaɓɓe, in Shehu zai zo ya san yadda yake yi.

Na kira shi bayan la'asar. Sabuwa tana wurin, Malam Ladan ma ya shigo gaishe ni, ban jira ya fita ba. Na ce, "Ɗanjuma, ga Alƙur'ani can a rataye. Ka dafa ka ce abin da yaron nan ya aiko shi ne a jikin motar."

Ya dube ni. Ya ce, "Yaya, ni kike cewa in dafa?"

Na ce, "Kai fa."

Bai dafa ba. Ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a bakin tabarmata, ya sa takalminsa. Washegari suka tafi Sule Tankarkar shi da Sabuwa, wajen 'yarsu Mansura. Wai zai taya mijinta aikin kankana. Ko sallama bai yi mini ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba, ni na goya shi. Amma mai gaskiya me zai hana shi rantsuwa?

Shehu ya kawo mini wani direba daga Gumel, Habibullah. To ka ji abin mamaki. Tun ranar da ya karɓi motar ba ta sake mutuwa ba. Ta wuce tsamiya, ta je Maigatari, ta je Gumel, ta dawo. Ashe gaskiyarka, hannu ne.

Sai dai mutumin nan ba shi da ta ido ko kaɗan. Ka san batirin masallaci da ake aro a tayar da mota da safe. Tun ran farko ya ƙi mayarwa. Malam Ladan ya zo karɓa, ya ce masa shi ba ya jan mota babu batir, in ana so a nemi wani direban. A Gumel yake kai shi caji, da shi motar take kwana. Yau kwana bakwai ba a kira salla da lasifika a garin nan ba. Malam Ladan ga tsufa, muryarsa ko zauren mai unguwa ba ta kaiwa, jiya sai da rana ta fito na yi asuba. Wayoyinmu ma da ake caji a jikinsa duk sun mutu. Baffanka duk abin da ya yi, bai taɓa wuce ƙofar masallaci da batirin nan ba. Yana tayarwa zai cire ya mayar ya haɗa da sola, kamar yadda marigayi ya yi wasiyya.

Ka ba ni shawara yadda zan yi da Habibullah ba tare da na rasa shi ba, ga zoɓo ya taho.

Gwaggonka,
Safara'u

*

Fatakwal
1 ga Disamba

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na fito lafiya, kowa lafiya. Gaisuwar ke nan, ki yi haƙuri, raina ba ya wurinta.

Innalillahi! Gwaggo, me kika yi? Me na yi?

Tun shekaranjiya nake kiran wayarki, da ta Sabuwa, da ta mai unguwa, duk a kashe. Lambar Mansura ba ni da ita. Sai ga takardarki ta gaya mini dalili.

Wane batirin masallaci? Yaushe na san da shi? Ina da shekara goma sha biyu na bar Zangon Kanya! Wata biyu muna rubutu a kan famfon LANTARKI, ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini cewa motar ba ta da batir? Da kika ce an kawo batir a kan babur, na ɗauka na biyu ne, na taimako. Wa zai kawo a ransa cewa ana tayar da mota a ɗauke batirinta a kai masallaci?

Ki saurara da kyau. Tsohon injin nan in ya tashi ba ya neman wuta, shi ya sa Baffa ya shekara goma sha tara yana yin haka ba abin da ya faru. Tsohon famfon, inji ne ke motsa shi. Nawa wuta yake ci. Da altanetar motar tana da rai, wato abin da ke ba da wuta in inji yana juyawa, da ko ta ɗan riƙe shi. Na tabbata ta mutu tuntuni ba wanda ya kula, tunda Baffa ba ya tafiyar da ke neman fitila. To ana cire batir famfon yake tsayawa. Ɗan man da ya rage a filta shi ke kai motar gindin tsamiya. Kullum man ɗaya ne, shi ya sa kullum wurin ɗaya ne. A gaban Shehu kuwa ana ta kunnawa ana kashewa, batir yana jiki.

Ba wanda ya sayar da komai. Famfona yana nan a jikinta, shi Habibullah yake yawo da shi.

Da na ce hannu, wayar wutar famfon nake nufi, ko an taɓa ta saki, ko an fizge fiyus wajen duba ruwa. Ko a mafarki ban kawo Baffa da sata ba. Mutumin da ya ɗauke ni a kafaɗa ya kai ni makarantar kwana, ya ba ni bargonsa? Amma laifina ne. Na rubuta magana a tsaye, na tafi na bar ki da ita. Kuma ni ne bakanike, ni ya kamata in tambayi lafiyar wutar motar kafin in aiko da komai. Ke ma, Gwaggo, kin yi sauri. A gaban matarsa! A gaban Ladan!

Ga altaneta nan a kwali, Shehu ya ɗaura. A sama wa motar batirinta, a mayar wa masallaci nasa. Amma wannan duk ya jira. Ranar da takardar nan ta same ki, ki tafi Sule Tankarkar. Ki karanta masa ita daga sama har ƙasa, har da inda na yi miki faɗa.

Ɗanki mai laifi,
Abdulrauf

*

Zangon Kanya
Alhamis, 14 ga Disamba

Abdulrauf,

Wa alaikumus salam. Ina fata kai da iyalinka kuna lafiya. Ni lafiyar jiki dai akwai.

Faɗanka ya iso, na karɓa. Ba a taɓa yi mini irinsa ba tun rasuwar babanka, kuma ban da bakin ramawa. Sai dai kar ka ƙara rubuta mini kalma da manyan baƙaƙe, ba makauniya ba ce ni.

Batir ya koma masallaci. Na fitar da zoɓo an samo wa motar nata, Shehu ya ɗaura abin da ka aiko. Da na gaya masa dalilin mutuwarta, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Ya ce shi kullum yana zuwa yana tarar da batir a jiki, ina zai sani. Kowa a garin nan ya san da maganar batirin, har awaki, shi ya sa ba wanda ya ga abin faɗa ne.

Na je Sule Tankarkar ranar Litinin. Habibullah ne ya kai ni, na sa ya tsaya nesa da gidan don kunya. Na tarar da Baffanka ya dawo daga gona, ƙafarsa duk laka. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Ya sa Mansura ta yanka mini kaza. Sabuwa ta gaishe ni daga bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

Na karanta masa takardarka duka. Da na zo wajen altaneta sai ya yi dariya, ya ce, "Ai wannan tun shekarar da aka yaye Mansura fitila ta daina kamawa. Na ɗauka ƙwan ne." Ya ce zuwan da aka ga ya yi wajen masu tsofaffin kaya, irin tsohon famfon yake nema, ko zai dace ya fitar da ni kunyar mutane. Ya ce in gaya maka ba komai, Allah ya yi maka albarka.

Na nemi gafararsa a gaban Sabuwa, na sa aka kira ta. Ya ce ya yafe duniya da lahira. Sai na miƙa masa makulli. Bai miƙo hannu ba.

Na ce, "Ɗanjuma, ai ka ce ka yafe."

Ya ce, "Na yafe, Yaya. Amma ranar da kika ce in dafa, kin riga kin yarda zan iya. Yanzu in na koma, duk ranar da mota ta yi tari sai in ɗaga ido in dubi fuskarki. Ba zan iya tuƙi haka ba."

Na yi magiya, na yi faɗa, na tuna masa wanda ya girmi wani. Ka san taurin kan gidanmu. Yana ta cewa "Allah ya huci zuciyarki," hannunsa yana bayansa.

Shi ya raka ni har mota. Ya sa Habibullah ya tayar, ya karkata kai ya saurari injin, ya ce masa ya riƙa sassauta mata a giya ta biyu in akwai kaya. Sannan ya rufe mini ƙofa. Ƙofar nan sai an ɗan ɗaga ta take kamawa, Habibullah kullum sai ya buga ta sau uku. Shi sau ɗaya ya yi. Ya ce in gaida gida.

Daga Sule Tankarkar har ƙofar gidana motar nan ko tari ba ta yi ba. Aikinka ya yi kyau, ba zan hana ka yabonka ba. Ni kuwa duk hanya addu'a nake ta mutu mana, ko na sami dalilin aika masa ya zo.

Ka gaida Rayhana da yara. Allah ya sa mu gana da alheri.

Gwaggonka,
Safara'u